Ranar da Aka Jiƙa Katunana a Riyad

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ranar Talata, ba a jima da idar da sallar la'asar ba. Mu huɗu ne a majalisin baƙi na gidan da nake tuƙi a Riyad. Akwai maigidan, Abu Nayif, wanda shi ne kafilina, wato zamana a ƙasar yana hannunsa. Akwai wani shehi mai ruƙiyya da aka ɗauko daga masallacin unguwa. Akwai matar gidan, Ummu Nayif, tana tsaye a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, ba a ganinta sai dai a ji motsinta. Sai ni, mahaifinku Haruna, a tsaye, domin ba wanda ya ce in zauna. A kan darduma an ajiye tire, a kan tiren akwai ƙunshin jar fata goma sha ɗaya, kowanne a ɗinke ta ko'ina. Nawa ne duka. Zan faɗa muku yadda suka zo kan wannan tire, sannan abin da aka yi da su, sannan abin da ya biyo baya.

Ku 'ya'yana kun san ni a matsayin mutumin da ba ya wasa, saboda haka za ku yi mamaki idan na ce ina saurayi a Bichi ni ne mai tsaron gida na ƙungiyar unguwarmu. Na daina buga ƙwallo lokacin da na soma karen mota, amma son ta bai fita ba. Da na zo Saudiyya, aikina na farko a Unguwar Ofisoshin Jakadanci ne, ina tuƙa wani Bature. Wannan mutum yana tara tsofaffin katunan 'yan ƙwallo. Kati ne kamar tafin hannun yaro, a gaba hoton ɗan wasa, a baya sunansa da ƙungiyarsa. Waɗanda suka fi daraja su ne tsofaffi waɗanda ɗan wasan ya sa wa hannu da alƙalaminsa. Ina kallonsa yana jera su bisa shekaru, ba ya bari ɗaya ya hau ɗaya, abin ya burge ni domin ni ma ba na son hargitsi. Ranar da zai koma ƙasarsu ya ba ni guda ɗaya, na wani ɗan gaba da na sha jin sunansa a rediyo tun ina yaro, da sa hannunsa a kan rigarsa. Daga nan na fara. Bayan na koma aiki gidan Abu Nayif, duk Juma'a da yamma nakan je kasuwar gwanjo da suke kira haraj in duba kayan tsofaffin gidaje, na kuma san wasu samarin Larabawa masu wannan sha'awa muna musaya. Ban yi tari na hauka ba. Na tsara wa kaina cewa zan haɗa ƙungiya guda cif, kowane gurbi da mutuminsa, daga mai tsaron gida zuwa ɗan gaba na hagu, kuma kowanne sai mai sa hannu. In ta cika in tsaya. Shekaru na ɗauka ina wannan.

Zafin Riyad ne ya jawo maganar fata. Ɗakin direba yana jikin katangar waje, rana na dukansa tun safe, kuma doka ce in kashe na'urar sanyi duk lokacin da zan fita. Wata rana na buɗe akwatina na tarar ledar da na sa wani kati a ciki ta yi laushi ta manne da tawadar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai na tuna da Ɗan'azumi, wani mutumin Damagaram da ke ɗinkin kujerun mota a wani gareji a unguwar Sulay. Baduku ne tun kaka da kakanni. Na kai masa katin na ce ya yi mini 'yar gafaka mai murfi, irin wadda ake sa littafi.

"Kai Bakano," in ji shi, "mutane suna tara zinare kai kana tara hoton ƙatti da gajeren wando?"

Na ce, "Ba shawara na zo nema ba. Za ka iya ko ba za ka iya ba?"

"Mai murfi ƙura za ta shiga. Bari in naɗe shi da farar takarda in rufe shi ruf. Jikanka ma zai tarar da shi yadda yake. In kana son kallon ƙaton naka, ai ka ɗauke shi a waya."

Na ga maganarsa da tsari, na yarda. Ya ɗinka shi yadda hannunsa ya saba tun yana yaro, jar fata, kusurwa huɗu, ɗinki ƙanana a jere. Haka ya riƙa yi mini ɗaya bayan ɗaya. A nan ne nake so ku lura. Duk Bahaushen da zai zo wannan ƙasa ana gaya masa tun a gida ya cire duk wata laya da ke jikinsa, domin a nan sihiri laifi ne na kotu, kuma hukuncinsa yana iya kaiwa ga rai. Na san wannan sarai, ni da kaina na sha gargaɗin sababbin zuwa. Amma ni da Ɗan'azumi mun san abin da ke cikin fatar, babu aya, babu hatimi, ɗan ƙwallo ne kawai, saboda haka idonmu bai taɓa ganin laya a wurin ba. A wurinmu abu mai daraja fata ake sa masa. Ko sau ɗaya ban tsaya na dube shi da idon Balarabe ba.

A shekarar da ƙungiyar ta kusa cika 'yar autar gidan, Nura, ta kamu da ciwo. Shekarunta tara, ni nake kai ta makaranta tun tana ƙarama, Ammu Harun take ce mini, wato Baffa Haruna. Tana zaune lafiya sai ta sandare ta faɗi. An yi ta zuwa asibiti ba a gane kan abin ba, 'yan'uwan uwar suka fara cewa kambun baka ne, wasu suka ce an yi mata sihiri. Ranar Litinin na karɓo kati na ƙarshe daga wurin Ɗan'azumi, na mai tsaron gida, wanda na fi daɗewa ina nema. Ƙungiyata ta cika. Ina hanya aka kira ni in zo maza a kai Nura asibiti, sai na cusa ƙunshin a aljihun da ke bayan kujerata, na manta da shi. Daidai nan yarinyar take zama. Muna dawowa uwar ta sa hannu tana neman abin share fuska. Na gan ta ta madubi ta jawo yarinyar jikinta, amma ban san dalili ba. Washegari ina masallaci sallar azahar aka buɗe ɗakina, aka fasa akwatina, aka kwashe sauran goman.

Aka kira ni majalisin, na shiga na ga ƙunshin a kan tire. Nan take na gan su yadda kowa a ɗakin yake ganinsu. Na tuna mutanenmu da aka kama da abin da bai kai wannan ba, waɗansu har yau ba mu san inda suke ba. Na tuna mahaifiyarku, na tuna ku, ƙaraminku a lokacin bai fara tafiya ba.

Abu Nayif ya ce, "Ya Harun, mene ne wannan?"

Na ce, "Katunan 'yan ƙwallo ne, ranka ya daɗe. A buɗe a gani."

Shehin ya ɗauki reza, yana karatu yana tofawa, ya farke na farko. Ya zare farar takardar da yatsu biyu kamar mai taɓa kunama. Kati ya fito. Abu Nayif ya sunkuya ya duba, na ga fuskarsa ta saki.

"Wallahi na san wannan," in ji shi. "Mun kalle shi a talabijin ni da mahaifina."

Na fara jin numfashina yana dawowa. Sai muryar Ummu Nayif ta fito daga bayan ƙofa, ba da ihu ba, a hankali.

"Hoton mutum. An yi masa zane a ƙirji. An ɗinke shi cikin fata. An sa a inda 'yata take zama. Ka tambaye shi me aka rubuta."

Shehin ya miƙo mini katin ya ce in karanta rubutun. Na ce sunan ɗan wasan ne, shi ya sa hannu. Ya ce to in nuna masa haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ku dubi sa hannun kowane babban mutum ku gani ko ana karanta shi. Layi ne ya tashi ya murɗe ya sauko, ga ɗigo biyu a ƙarshe. Na sa yatsa na kasa nuna ko harafi ɗaya. Larabcina na tuƙi ne da kasuwa, ba na kare kai ba, a ranar kuma wanda na iya ɗin ma ya gudu. Shehin ya farke sauran duka, ya jera su, kowanne da irin nasa zanen.

"Wa ya ɗinka maka?" in ji shi.

Wannan ita ce tambayar da na fi tsoro. Iƙamar Ɗan'azumi, wato katin izinin zamansa, ta daɗe da mutuwa. In na ambaci sunansa za a je Sulay a tarar da baƙin mutum marar takarda, da allura da jar fata a gabansa. Ba wanda zai saurare shi.

Na ce, "Ni na sa aka ɗinka. Duk abin da ke ciki ni na sa. Mai ɗinkin aikin kuɗi ya yi."

"Sunansa."

"Ba zan faɗa ba, ya shehi."

Ummu Nayif ta ce, "Ka ji ko? Kira 'yan sanda."

Abu Nayif ya ciro wayarsa ya riƙe. Bai danna ba, bai kuma mayar ba. Ina kallon babban yatsansa. Zufa tana bin bayana alhali ɗakin sanyi ƙalau. Ba zan zalunci shehin nan ba, mutum ne mai tsoron Allah. Ya daɗe yana jujjuya katunan, sannan ya ce shi bai ga aya ba, bai ga sunan aljani ba, bai ga ƙulli ko gashi ba, amma ba zai rantse a kan rubutun da ba ya karantuwa ba. Ya ce hanya biyu ce. Ko a miƙa ni da kayan ga hukuma su bincika, ko a warware su nan take yadda ake warware sihiri, a jiƙa su cikin ruwan da aka yi wa karatu. Ya dube ni ya ce in babu komai a ciki, ba abin da zai hana ni in sa su da hannuna.

Aka kawo roba da ruwa da dakakken ganyen magarya. Ya yi karatu ya tofa. Na durƙusa. Na san in na yi jinkiri ko na daƙiƙa ɗaya za a ce ina jin tsoron ruwan, saboda haka ban tsaya kallon ko ɗaya ba. Na fara da mai tsaron gida, wanda ko kwana biyu bai yi a hannuna ba. Sannan 'yan baya, sannan 'yan tsakiya, sannan 'yan gaba, yadda ake kiran sunayensu kafin a take wasa. Tawadar ta riƙa tashi kamar hayaƙi a cikin ruwan, takardar tana kumbura tana rabewa. Shehin ya ce in murje su, na murje. Abu Nayif ya juya kansa gefe. Da aka gama ya mayar da wayar aljihu, ya karɓi makullin mota da iƙamata, ya ce in zauna a ɗakina kada in fita sai masallaci, har a ga yadda jikin yarinyar zai yi.

Ina tsammanin tsoron ya ƙare a majalisin, ashe a ɗakin zai fara. Da na zauna na yi lissafin matsayina, sai na ga ko ta ina babu ƙofa. Idan jikin Nura ya tsananta, za a ce na ɓoye wani ƙunshin, ko wanda na ƙi faɗar sunansa yana ci gaba da aiki. Idan kuma ta warke bayan an jiƙa katunan, shi ke nan an samu shaida, za a ce ga shi an warware ta tashi. Duk lokacin da aka danna ƙararrawar gida sai in miƙe tsaye. Duk motar da ta rage gudu a layin sai in leƙa ta ƙasan ƙofa in ga irin tayarta. Na haɗa kayana cikin jaka guda na ajiye bakin ƙofa, na sa kaya masu kauri domin an ce ɗakin tsaro akwai sanyi. Abinci ana ajiye mini a ƙasa daga nesa, mai aikin gidan ba ta yarda mu haɗa ido. Mahaifiyarku ta kira ni na ce mata mota ce ta lalace shi ya sa nake hutawa. Ɗan'azumi ma ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa, babu Bakano babu wasa.

"Yaya Haruna, ka faɗi sunana?"

"Ban faɗa ba."

"In suka matsa maka fa?"

Na ce, "Ka goge lambata. Ka kwashe jar fatar nan daga garejin yau."

Abin da ya fi damuna shi ne sujada. Ban san me zan roƙa ba. Shaiɗan ya riƙa raya mini cewa abin da zai fi mini sauƙi shi ne jikinta ya tsaya yadda yake, kada ya ƙaru kada ya ragu, har a gaji a manta da ni. Na ji wannan tunani, na kore shi. Yarinyar nan ni nake ɗaure mata bel, ni nake riƙe mata jaka, ita take gyara mini Larabci tana dariya. Na roƙa mata lafiya a kowace salla, ina sane da cewa lafiyarta ce za ta zama hujja a kaina.

Allah ya karɓa. A cikin wannan makon wani likita ya gano irin farfaɗiyar da ke damunta, ya sauya mata magani, faɗuwar ta tsaya. Wata safiya na ji muryarta a tsakar gida tana gudu, na yi hamdala, sannan na zauna kan jakata ina jira. Da hantsi Abu Nayif ya ƙwanƙwasa. Shi kaɗai ne. Bai taɓa shiga ɗakin nan ba sai ranar.

"Ya Harun, ni na san maganin likita ne," in ji shi. "Amma uwarta ta ga abin da ta gani. 'Yan'uwanta suna cewa in ban kai ka ba su za su kai ka."

Na ce, "Ka gaya musu gaskiya mana."

"Na gaya musu. Sun ce ni ma ka yi mini." Ya sa hannu a aljihu. "Na yi magana da wani mai sito a Sulay, zan mayar masa da kafalarka. Ka tafi yau kafin la'asar. Kada ka sake bi ta layin nan, ko a mota."

Ya miƙo mini iƙamata. Na roƙe shi in yi sallama da Nura, ya ce a'a. Ban sake ganinta ba.

Haka na bar tuƙin gidan da na yi shekaru a cikinsa, na koma ɗaukar kwali a sito ina da furfura. Ciwon bayan da kuke gani ina fama da shi can na samo shi, kuma shi ya sa na yi shekarun nan ban zo gida ba, domin sabon kafilin ba ya ba da hutu yadda na farko yake bayarwa. Ban sake sayen kati ba. Ko haraj ban sake zuwa ba. Na yi zaton maganar ta mutu, amma labari ya riga ya shiga cikin mutanenmu na unguwar Jaradiyya, kuma ya shiga a karkace. Wata Juma'a bayan an sauko, wani mutumin Maraɗi da ban sani ba ya biyo ni har bakin titi, ya durƙusa ya kama hannuna.

"Allah gafarta Malam, an ce kai ne ka ɗaure 'yar Balarabe har sai da suka roƙe ka. Kafilina ya hana ni tafiya gida. Ko guda ɗaya ka taimaka mini da shi."

Na dubi hagu na dubi dama, ga motar 'yan sanda a tsaye kusa da masallacin. Na ce masa ni ba malami ba ne, katin ƙwallo ne. Ya yi murmushi ya ce ai ya sani, manya ba sa faɗa. Bayansa wasu sun zo, har da mata masu aiko da saƙo. Kowane ɗaya daga cikinsu zai iya zama sanadin kama ni, domin a nan wanda ake zuwa wurinsa neman asiri ba ya buƙatar a same shi da komai. Sau biyu ina sauya ɗaki, na sauya masallacin Juma'a, na daina zama cikin taron Hausawa. Waɗanda suka ce na yi girman kai, dalilin ke nan.

Yanzu na samu labarin cewa maganar ta isa Bichi. An gaya mini an tare babbanku a wurin ɗaurin aure ana tambayarsa ko na bar masa wani abu daga kayan aikina, an kuma ce wata mata ta hana ɗanta neman 'yar'uwarku saboda gidan masu sihiri ne. Wannan ne ya sa na zauna na rubuta, ni da ba marubuci ba.

Abin da nake roƙonku shi ne wannan. Duk wanda ya zo ƙofar gidanmu neman asirin Haruna, ina raye ko bayan raina, kada ku kore shi, kada kuma ku yi masa dariya ku bar shi da zatonsa. Ku shimfiɗa masa tabarma, ku kira maƙwabci ɗaya ya zama shaida, ku karanta masa wannan takardar da babbar murya har ƙarshe. In ya tashi tafiya ku ce ya je ya faɗa wa wanda ya aiko shi.